Ƙafar Dama ta Baballe Tela

Shekara talatin da shida Baballe tela yana taka keken ɗinki a unguwar Briqueterie, kuma da ƙafar dama kaɗai yake takawa. Ta hagu tana gefe, ba ta tsinana komai. Da ta daman ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya rufa ɗaki biyu a unguwar Ekoudou.

Sai ƙirji ya fara riƙe shi. In ya hau tudun Tsinga sai ya tsaya, wai yana gyara takalmi. Ya ce yajin tsire ne. Matarsa Jaratu ba ta yi musu ba, ta tare tasi ta tura shi ciki.

A asibiti likita ta nuna masa hoto. Jijiyoyi uku masu kai wa zuciya jini sun toshe. Za a buɗe ƙirji, a ɗauki jijiya ɗaya daga cikinsa, wata kuma daga ƙafa, a ɗinka su yadda jini zai kewaye inda ya toshe.

Buɗe ƙirjin bai dame shi ba. "Wace ƙafa?" ya ce.

"Sai mun duba, Baba."

Baballe bai yarda da "sai mun duba" ba, don shi ma abin da yake gaya wa masu kayan Sallah ke nan. Ranar gwajin ƙarshe ya zo da allinsa na ɗinki. Ya ja layi a ƙafar hagu daga idon sawu zuwa gwiwa, miƙaƙƙe kamar zai yanka shadda, har da ɗan rara a gefe. Ta dama kuwa ya lulluɓe ta da zanen gado.

Likita ta yaba layin, sannan ta ɗora na'ura. Jijiyoyin hagu sun kumbura, sun murɗe, ba abin ɗauka. Ta yaye zanen. Na dama lafiyayyu ne sumul.

"Baba, in aka kawo maka ruɓaɓɓen yadi, kana ɗinkawa?"

"Ba na ɗinkawa. Amma da wannan nake ci."

"Malam," in ji Jaratu, "gawa tana taka keke ne?"

Ya daɗe yana kallon ƙafar. Likita ta ce sauran jijiyoyin za su karɓi aikin, ƙafa za ta kumbura ta sabe. Ya sa hannu a takarda, amma a ransa bai yarda ba.

Aka yi aiki. Wata biyu ba ɗaukar ko buta cike, ga doguwar safa mai matsewa, ga tafiya kullum da safe, Jaratu na biye da shi kamar ɗan sanda. Maƙwabcinsa Njidda, shi ma tela, kullum sai ya leƙo: "Tsoho, sayar mini da keken, in ba jikana ya yi wasa."

Ranar da ya koma shago, telolin layin suka taru, wai gaisuwa. Baballe ya zauna, ya ɗauko zanen Jaratu, ya yi bisimilla, ya ɗora ƙafar. Ta yi nauyi. Keken ya juya baya, zare ya tsinke. Ya sake zura zare, ya taka, keken ya ɗauki ƙara, ya ɗinke bakin zanen har ƙarshe.

Njidda ya ɗaga zanen yana dubawa. "Ya ɗan karkace."

"Miƙo na gaba," in ji Baballe.