Saniyar da Ta Gyara wa Ungozoma Aiki

Gidanmu na Rano ba a raba shi da wuta. Kakata ta wajen uba, Iya, ita ce ungozomar unguwarmu, kuma da wuya wata ya fita babu maijego a ɗakin baya: ko 'yar gida da ta dawo goyon ciki, ko wata 'yar dangi daga Madachi da aka kawo a kula da ita. Kullum da yamma sai an ɗora ƙatuwar tukunyar ruwan wanka, an zuba ganyen darbejiya. In an sauke, an yi sallar magariba, garwashi ya rage ja wur, sai mu yara mu kewaye shi da gyaɗarmu a bakin zane. Iya ta jawo kujerarta, ta miƙe ƙafafun nan nata masu ciwo, ta ce a matsa. Wanda ya matsa ƙafa shi ke zaɓen tatsuniya. Ni da na ci sunanta takwara take ce mini, kuma kullum sai ta ce hannuna na kaza ne, ba ya matsa komai sai tono.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce ga baƙuwa a ƙofa, mu kuma mu amsa da cewa a ba ta tabarma. Tana da su da yawa, na kura, na maciji, na 'yar da ta ƙi jin magana. Amma akwai guda ɗaya da ba mu muke zaɓa ba. Ita take kawo ta, kuma sai ranar da aka yi sabuwar haihuwa a gidan. Ranar takan ɗaga murya fiye da kullum, har matan da suka zo barka su ji daga ɗakin baya. Mu dai mun ɗauka kunnenta ne ya fara nauyi.

Wai a wani gari an yi wata ungozoma, duk mai tafiya da ƙafa biyu a garin ita ta yanke masa cibi, har da sarkin. Ba a yi mata gardama. Dokarta ɗaya ce: jariri ba ya kama nono sai ya kwana uku. Ruwan nan na farko mai kauri, rawaya, wanda ake kira dakashi, a wurinta datti ne, a tatse a zubar bayan ɗaki, a riƙe jariri da ruwan ɗumi da nonon akuya. Wasu su rayu, wasu su koma tun kafin suna, ta ce kwana ne ya ƙare.

Rannan tana dawowa daga wani ƙauye hadari ya taso, ta raɓe gindin tsamiya. Sai ta tarar da saniya kwance tana naƙuda, ɗan ya zo a karkace. Saniya ta roƙe ta don Allah. Tsohuwa ta ɗaure zane, ta sa hannu ta gyara, ɗan maraƙi ya faɗo lafiya. To, sabo turken wawa. Ta ciro ƙoƙonta ta durƙusa za ta tatse dakashin ta zubar. A nan Iya takan kumbura kumatu ta sauke murya can ƙasa:

"Tsohuwa, na gode da hannunki. Amma wannan ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Guzurinsa ne, tun yana ciki aka dafa masa."

Ungozoma ta ce ita za a koya wa aiki? Saniya ta ce a'a, tambaya ce kawai: cikin jariran da ta karɓa, nawa suka koma kafin suna? Tsohuwa ta fara ƙirgawa da yatsu. Iya ma sai ta ɗaga hannunta a hasken wuta ta kama yatsan farko, ta riƙe shi ta yi shiru, har sai ɗayanmu ya zungure ta ya ce ta manta ne. Sannan ta wuce sauran da sauri, yatsu su ƙare ƙirga bai ƙare ba. Saniya ta ce tsohuwa ta je ta tambayi duk mai garke, maraƙin da ya rasa dakashi da wuya ya ga damina. Tsohuwa ta zauna cikin ruwan sama ta yi kuka. Da ta koma gari ta sake doka, mutane suka yi ta dariya, wai tsufa ya kama ta, saniya ce malamarta. Ita kuwa ta ce gara saniya ta gyara mata da a sake fita da jariri a tabarma. Daga nan Iya ta buga sanda ta ce baƙuwa ta tashi, a naɗe tabarma.

Mu ba abin da muke jira sai muryar saniyar, dariya har da faɗuwa. Na taɓa tambayarta inda saniya ta koyi Hausa. Ta ce a makarantar allo, tare da ni, kuma ta riga ni sauka.

Ina girma ina kallon Iya tana sauya aiki. Da malaman asibiti suka kira ungozomomi don a ƙara musu sani, ita ta fara zuwa, da sandarta. Ta dawo ta ce daga yau an daina gasa cibi da tsumma mai zafi, an daina barbaɗa toka, akwai maganin shafawa. Ta ce ba a gaggawar wanke jariri, a goge shi a kwantar a ƙirjin uwarsa. Ƙawayenta suka ce ta sayar da sana'ar gado. Ta ce ba ta sayar ba, wanki ta kai ta. Ta daina karɓar haihuwa a ɗaki, ta koma 'yar rakiya. Ita ke sa mace a adaidaita ta kai ta awo, katin na ƙulle a bakin mayafinta. In ta ga fuska ta kumbura, ko ciwon kai ya ƙi sauka, ko jini ya ɓalle, ba ta jiran miji ya dawo daga gona. Wallahi ban ga mace mai ƙarfin hali irin nata ba.

An kai ni aure Kibiya, na dawo gida goyon cikin fari. Naƙuda ta zo mini da wuri, ina cikin wata na takwas, da hantsi. Iya ta kai ni asibiti ta tsaya a kaina. Ina ta cije leɓe saboda kunyar haihuwar fari, ta ce wa nake wa kunya, ita da ta haifi ubana, in yi nishina. Ta murza mini baya, ta ba ni ruwa, ta riƙe ni muna zagaya ɗaki. Bayan azahar na haifi 'ya mace, ba ta fi kwalbar man gyaɗa ba. Malamar asibiti ta kwantar mini da ita a ƙirji, ta ce ɗumin jikina da dakashi su ne abin da ta fi bukata. Da yake ba ta da ƙarfin tsotso, aka nuna mini yadda zan tatsa a ɗan kofi a ba ta da cokali.

Ina cikin tatsar sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifin mijina, daga Kibiya, da gorar nonon akuya da gidan ashana a hannu. Ta leƙa kofin ta ga rawaya, ta yi salati. Ta ce a gidansu ba a ba jariri wannan, sai an kwana uku an gwada nono. Tururuwa ce a gidan ashanar: a jefa ta a cikin nonon da aka tatsa, in ta mutu nonon mugu ne. Malama ta fita duba wata. Ni kuwa ba ni da bakin amsa wa suruka. Tsoro ya kama ni ƙwarai. In na ba yarinyar wani abu ya same ta, za a ce nonona ne ya kashe ta. In na hana ta, ina ganin ɗan jikin nan ba zai kai kwana uku ba.

Iya ba ta yi faɗa ba. Ta ba Gwaggo kujera, suka gaisa har da tambayar amfanin gona. Sannan ta ce ai tururuwa ko a ruwan randa aka jefa ta nutsewa za ta yi. Gwaggo ba ta yi dariya ba, ta ce ai Iya ta fi kowa sanin al'ada. Sai Iya ta ce:

"Asabe, babu wadda ta kai ni zubar da dakashi a Rano. Na ɗana na fari ma an zubar ina kallo. Kwana biyar ya yi. Ban ce shi ya kashe shi ba, Allah ne masani. Amma ya tafi da yunwa, guzurinsa na bayan ɗaki."

Ta ce duk da haka ta shekara da shekaru tana yi wa 'ya'yan mutane irin abin da aka yi wa nata, har ranar da ta karɓi haihuwar wata Bafullatana a wata ruga wajen Lausu. Ta ɗauko ƙoƙo, matar ta damƙe mata hannu, ta ce su ko maraƙi ba sa hana wa, ɗanta bai gaza maraƙi ba. Iya ta ce a hanyar dawowa ta zauna gindin tsamiya ta yi ƙirga.

Sai a lokacin na gane baƙuwar da muke ba tabarma. Gwaggo Asabe ta ajiye gorar nonon akuyar. Ta tashi ta je taga, ta buɗe gidan ashana ta kaɗe tururuwar waje. Da ta dawo ita ta riƙe kofin, Iya ta ɗiga wa yarinyar a baki. Muna kallon ɗan maƙogwaronta ya motsa.

Yarinyar yanzu tana sakandare, ta fi ni tsawo, ta fi ni baki. Iya ta rasu da daɗewa, Allah ya ji ƙanta, ni na gaji rakiyar. Na ga masu ilimi da yawa, amma ban ga da yawa da za su kai shekarunta, gari na girmama su, su yarda a gyara musu abin da suka gada ba. Ina jin wannan ya fi karɓar haihuwa wuya. Ban ga laifinta ba da ta ɓoye kanta a tatsuniya, don ta nan maganar ta shiga ɗakunan da wa'azi ba zai shiga ba.

Nakan ba yarana tatsuniyar, su ma muryar saniya suke jira. In na zo wurin ƙirga na kama yatsan farko, sai ƙaramarsu ta zungure ni ta ce Mama ta manta. Ban manta ba. Wan babana ne, bai kai ranar suna ba.