Ranar da Muryar Ladan Ta Karye

Ni ban yi boko ba, agogo ma ban iya dubawa ba. Amma in dai lokaci ne, na san shi, don shekara talatin da wani abu ina auren ladan. Maigidana shi ne mai kiran salla a masallacin ƙauyenmu, nan kusa da Tamawa. Da muryarsa nake tashi, da ita nake ɗora tukunya, da ita nake sauke ta.

To, wata asuba cikin damina, ranar kasuwar Kurfi, ina alwala sai na ji kiran ya fito ba daidai ba. Ya faro lafiya lau. Da ya kai tsakiya sai harshen ya yi nauyi, kamar mai magana da tuwo a baki. Ya dai lallaɓa ya ƙarasa.

Da ya shigo gida na miƙa masa koko, har ina tsokanarsa. Na ce, "Malam, yau kam zakara ya fi ka murya." Kullum in na faɗi haka yakan ce, "To, je ki ya aure ki mana." Ran nan ya buɗe baki, amsar ta ƙi fitowa. Ludayin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Na dubi fuskarsa, ga baki ya karkace, miyau na bin gemu.

Abin da na yi shi zan faɗa, ba zan rage ba. Na ja shi ɗaki, na goge masa gemu, na saki labule, don ban so maƙwabta su ga ladan a haka. Kuma a gidanmu mace ba ta fitar da miji zuwa asibiti sai babban wansa ya ce a je. Wan nasa kuwa ya yi sammakon kai tumaki kasuwa. Na aika aka kira ɗiyarmu ta fari, da ke aure a bayan gidanmu, ta buga masa waya. Ya ce, "Iska ce ta buge shi. Kada a motsa shi, kada a bari a yi masa allura, sai na zo."

Muka zauna. Hantsi ya ɗaga, rana ta take. Da azahar wani ya yi kiran salla a madadinsa. Malam ya ji, ya kama bakin zanena da hannun hagu, yana kallon ƙofa, yana gurnani. Na ce, "Kwanta, Malam, Allah Ya san uzurinka." Har yau ban sani ba, masallaci yake nufi, ko cewa yake a fita da shi.

Wan nasa, da muke kira Yaya, bai iso ba sai bayan la'asar. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu, ya kasa haɗiyewa. Sai washegari muka kai shi wani asibiti a Dutsin-Ma. Suka ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, a ga ko jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi, don maganin ɗaya guba ne ga ɗaya. Suka tura mu Katsina.

A can aka tura kansa cikin wata na'ura mai baki kamar rijiya. Likitar, yarinya ce sa'ar ɗiyata, ta ce, "Mama, yaushe abin ya fara?"

Na ce, "Jiya da asuba, a tsakiyar kiran salla."

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "'Yar nan, da kunnena na ji."

Sai ta nuna mini hoton, ta sa yatsa a kan wani tabo mai duhu, kamar inda wuta ta ci zane. Ta ce nan magana take zaune. Jini ne ya daskare ya toshe hanya, kuma akwai allurar da ke narkar da shi, amma sai an zo cikin sa'o'in farko. Ta ce yawancin masu kawo mara lafiya ba su san lokacin da abin ya fara ba, shi ya sa masana ke ta bincike don hoton da kansa ya riƙa nuna inda ya mutu da inda za a iya cetowa, a kuma samu ƙaramar na'ura da za ta kai garuruwa irin namu.

Yaya ya sunkuyar da kai, ya ce, "Haka Allah Ya rubuta." Na ce haka ne. Amma ni ban buƙaci na'ura ta gaya mini lokaci ba. Ina riƙe da shi tun daga bakin buta, na shiga da shi ɗaki, na saki labule a kansa.

Damina biyu Malam ya ƙara yi a duniya. Ƙafarsa ta dama da ta shanye ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda zuwa zaure. Maganar ce ba ta dawo ba. Amma kowace asuba, tun sabon ladan bai buɗe baki ba, sai in ga ya tashi zaune, ya ɗora hannun hagu a kunne, leɓɓansa na motsi. Ni kuma in tsaya riƙe da buta, ba na fara alwala sai ya sauke hannun.