Sunan da Muka Sa wa Shan Yaya Garba

Shekara sittin da ɗoriya ke nan da muka binne yayana Garba a Kalgo. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da idona ya gani ba mai gyara mini shi.

Zamanin Turawa ne, ina 'yar budurwa, Garba ya dawo daga soja da shan burkutu. Manomin shinkafa ne na gaske. Ranar da bai sha ba, ba mai kamo shi a fadama. Ranar da ya sha kuwa, sai an ɗauko shi daga bayan kasuwa. Innarmu ta ce ba a ɗakinta za a ce an haifi mashayi ba. Sai ta shiga gaya wa mata a wurin daka cewa iska ce ta taɓa shi a bakin gulbi.

Sunan ya rufa mana asiri, ban musa ba. Masu zunɗe suka koma yi mana jaje. Amma wanda iska ta taɓa, Gwandu ake kai shi wurin malam, a sa masa mari a ƙafa. Da ya dawo ya rage sha ƙwarai, sai dai maganarsa ta daina shiga kunnen kowa. Baffanninmu suka karɓe fadamarsa, wai za su riƙe masa. Aka raba aurensa. Ko gaisuwa ya yi, sai a dubi juna.

Wata rana na kai masa fura, ya ce, "Hauwa, da kun bar ni da sunana na mashayi. Mashayi in ya tuba jama'a na amsa. Mahaukaci hwa, daga mi za shi tuba?" Bai daɗe ba zazzaɓi ya ɗauke shi.

Yanzu ga jikana Bashiru, shi ma kwalba ta kama shi. Uwarsa ta kai shi asibiti, likita ya ce ba lalacewa ba ce, ciwo ne, har da sunansa, kuma yana da magani. Yaron ya dawo ya ɗaga kai ya dube ni, abin da ya daɗe bai yi ba. Amma a sashen masu taɓin hankali ake duba shi, kuma Kalgo ba ta da faɗi. An sa aurensa bayan girbi, dangin yarinya sun fara tambaya.

Me Garba zai ce? Wataƙila ya ce wannan sunan ya fi namu, tunda da magani ya zo. Wataƙila ya ce duk ɗaya ne in ya shiga bakin mutane. Ban sani ba, kuma ina tsoron suna ya yi wa Bashiru abin da ya yi wa Garba.

Garba bai bar ɗa ba, bai bar gona ba. Wannan tsoron kawai ya bar mini. Jibi dangin yarinya za su zo wurina, don ni ce babba. Zan ce musu yana sha, yana kuma neman magani. Sauran kuwa, ga Bashiru nan zaune, su tambaye shi da bakinsa.