Sannu-Sannu da Na'urar Auna Zurfi

A bakin ruwa kowa Sannu-Sannu yake ce masa, har matarsa idan ta so tsokana. Tun yana saurayi ya samo sunan, don bai taɓa murɗa inji har ƙarshe ba, ko da fasinja za su yi ta mita cewa kasuwa za ta watse kafin a isa. Aikinsa ke nan tun tasowarsa: ya ɗebi mutane da kaya a wannan gaɓa, ya sauke su a waccan, ya juyo. Jirginsa na katako ne, fenti duk ya koɗe, amma mata masu goyo shi suke jira ko da wani jirgin ya riga shi cika.

Ruwan nasu mayaudari ne. Samansa lumui, ƙasansa kuwa tudun yashi ne da ke tashi daga nan ya koma can ba sallama. Shekara da shekaru Sannu-Sannu da gora yake aunawa, hannu ɗaya a kan inji, ɗaya yana tsoma gorar yana zarewa, har kafaɗarsa ta dama ta ce ta gaji. Wata safiya ciwon ya matsa masa, ya ajiye gorar ya ce ai ya san hanya, sai jirgi ya hau yashi da mutane maƙil. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni, in ban da buhuna da suka jiƙe da wata tsohuwa da ta faɗa kan kwandon kajin wani. Amma da yamma shugaban ƙungiyar masu jirgi, wanda tare suka koyi iyo suna yara, ya ja shi gefe.

"Ba zan ɓoye maka ba," in ji Shugaba. "Ko ka sa na'urar auna zurfi irin ta samarin nan, ko ka ba wani jirgin. Ran mutane ne a hannunka."

A gida ma ba a bar shi ya sha iska ba. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Mamana, tela ce mai shago a cikin gari, kuma ta daɗe tana so ya bar ruwa ya zo ya zauna mata a gaban shago yana sayar da zare da maɓalli. Shi kuwa da ya tuna zaman sai gabansa ya faɗi. Ba aikin ya raina ba. Tsoro yake ji, don bai san wane ne shi ba idan ba a kan ruwa yake ba.

"To, Baba, ni zan saya maka na'urar," ta ce. "Amma sau ɗaya. Idan ita ma ta kasa, ka haƙura ka sauko. Ka yarda?"

Ya yarda, don ba shi da wata mafita.

Iri biyu ake yayi a wajensu, kuma ba wanda ya damu da sunan kamfani, da tambarin da ke jiki ake kiransu: Mai Zakara da Mai Walƙiya. Kowacce tana da ƙaramin allo da ke nuna zurfi da lamba, tana nuna garken kifi, tana kuma kuka idan ƙasa ta matso. Masunta sun rabu gida biyu. Mutanen Zakara su ce tasu tsohuwar hannu ce, ta yi suna tun kafin a haifi ɗayar. Mutanen Walƙiya su ce tasu ko rana ta take ana ganin lambarta tar, ba sai an kare da hula ba. Mai shagon da ke sayar da su kuwa, duk wadda ka taɓa ita ce ba ta da na biyu. Sannu-Sannu ya bi jiragen abokai, ya daure ya tsoma gorarsa yana gwadawa da abin da allo ya nuna. Duka biyun gaskiya suke faɗa, abin da ya ƙara ruɗa shi ke nan.

Sai dabara ta faɗo masa. A bayan rumfar masu ɗinkin raga akwai wani mai gyara da ake kira Mai Rediyo, ko da yake rabonsa da rediyo an daɗe, yanzu na'urorin jirgi ne suka cika masa shago. Sannu-Sannu mutum ne mai jin nauyin tambaya, gani yake bai dace ya tsayar da mutum daga aikinsa a kan shawarar kyauta ba. Don haka ya leƙa kamar gaisuwa ta kawo shi, suna "ya aiki, ya iyali" idonsa yana kan kanta. Mai Zakara ce jere reras, wata allo ya tsage, wata waya a waje, wata an buɗe cikinta. Mai Walƙiya ko ɗaya babu. Ya fito yana murmushi shi kaɗai, ya gano abin da ya gagari kowa: wadda ba ta zuwa asibiti ita ce mai lafiya. Washegari Mamana ta saya masa Mai Walƙiya.

A yi mata adalci, ta yi aiki. Ta ƙetare da shi damina guda ba tare da ta yi masa ƙarya ba, har ya fara yi wa mutanen Zakara dariya. Sai da ruwa ya fara janyewa, lokacin da yashi ya fi yawo, wata rana allon ya yi gumi daga ciki, lambobin suka dusashe, ya mutu murus. Ya naɗe ta a tsumma ya nufi shagon Mai Rediyo.

Mai Rediyo ya juya ta gaba da baya, ya ajiye a hankali.

"Baba, wannan ba ta buɗuwa. Dubi, ko noti ɗaya babu, manne ta aka yi. Kayan gyaranta ma ba a kawowa. Tana da kyau, ba na kushe ta, amma ranar da ta mutu ta mutu ke nan."

"Amma ban ga ko ɗaya a kantarka ba," in ji Sannu-Sannu. "Zakara ce duk ta cika nan."

"Ai shi ya sa. Zakara ana kawo ta ne don tana gyaruwa, ta kwana biyu ta koma ruwa. Masu Walƙiya sun san ba abin da zan iya, a kwandon shara suke zubarwa. Da ka tambaye ni, Baba."

Kunya ta kama Sannu-Sannu, baƙin ciki ya biyo baya. Ya koma ya ɗaure jirginsa da kansa, don bai jira sai Shugaba ya tuna masa ba, ya kuma faɗa wa Mamana gaskiya. Kwanakin da suka biyo yana gida, ya fita ƙofa ya dawo, matarsa ta ajiye abinci ta ɗauke kusan yadda ta kawo shi.

Abin da bai sani ba, Mai Rediyo bai bar maganar ba. A kantarsa akwai Zakara guda uku da masu su suka sayi sababbi suka manta da tsofaffin. Ya bi masuntan ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce, "In dai Sannu-Sannu ne, ɗauka, shi ya ƙetare da matata ranar da naƙuda ta kama ta." Sauran ma ba su ja ba. Ya ciro allo daga wannan, ya ɗauki kwanson waccan, idon auna zurfi da ake ɗaurawa a ƙarƙashin jirgi ya fito daga ta ukun. Abin da ya haɗa ba kyan gani, rabi toka-toka rabi baƙi, ga tabon dalma, amma ya aika a kira dattijon ya ɗaura masa da hannunsa. Da Sannu-Sannu ya fara lalube aljihu, Mai Rediyo ya riƙe masa hannu ya ce kar ya ɓata musu zumunci.

Mamana ba ta so ba. Alkawari sau ɗaya aka yi, ta ce, kuma wannan tarkace ne. Amma ta amince ta shiga jirgin ta gani da idonta kafin ta yanke.

Sun yi nisa, sun kai tsakiyar mashigar da Sannu-Sannu ya sani tun yana yaro da cewa gora ba ta taɓa ƙasanta, sai na'urar ta fara kuka. Wani fasinja ya yi dariya ya ce kayan haɗe-haɗe ne ya ruɗe. Sannu-Sannu ma zuciyarsa haka ta ce masa. Idan ya tsaya aka tarar ƙarya ce, a gaban 'yarsa, ya san yau ce ranarsa ta ƙarshe. Ya dubi matan da ke zaune da yara a cinya, ya kashe inji.

Kafin ya miƙa hannu, Mamana ta tashi ta ɗauki gorar ta tsoma. Ko kamu biyu ba ta shige ba ta daki yashi. Ta zare, ta dubi inda ruwa ya jiƙa, ta sake tsomawa gaba kaɗan, nan kuwa yashin ya fi kusa. Sannu-Sannu ya tayar da inji ya ja da baya, ya zagaye, lambar allon tana hawa har kukan ya tsaya.

Mamana ta ajiye gorar ta koma mazauninta har suka isa gaɓa. Shi kuwa godiya ta cika masa ƙirji, ga Allah, ga Mai Rediyo, ga masuntan nan uku da bai ma san sun tuna da shi ba. Ya tsaya yana ɗaure igiya yana jiran hukuncinta. Sai da kowa ya sauka ta gyara mayafinta, ta taka gaɓa, sannan ta juyo.

"Baba, gobe da wane lokaci za ka tashi? Ina da ɗinkin da za a ƙetare da shi."