Tambaya ta Goma

Anti Sikeli ake ce mata, don shekara ashirin da biyu ke nan tana awon jarirai a ƙaramin asibitin unguwa. Gajeriyar mace ce mai faɗa. In uwa ta makara kawo yaro rigakafi sai ta wanke ta tas, sannan ta karɓi jaririn ta riƙe mata don ta huta. Jini bai taɓa ba ta tsoro ba, balle allura. Abin da ya zo ya hana ta sukuni fallen takarda ne guda.

Wasu masu bincike suka kawo ta. Tambayoyi goma ne da aka fassara, na gano matan da damuwa ke dannewa bayan haihuwa, kuma sai an gwada su kafin a yarda da su. Anti za ta karanta wa mai jego, ta cike amsa, ta liƙe a ambulan. Daga nan matar ta shiga ɗaki na gaba, likitar ƙwaƙwalwa ta zauna da ita ba tare da ta ga takardar ba. A ƙarshe a haɗa, a ga ko bakin takarda da na likita ya zo ɗaya.

Taran farko ba su dame ta ba, duk zancen barci ne da kuka da faɗuwar gaba. Ta goma ce ke tambayar mace ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zo mata. Da Anti ta iso nan sai ta dubi agogo, ta zaɓa wa matar "a'a" da kanta. Mata sittin da uku ta yi wa haka. Takan ce a ranta ba za ta saka wa 'yar mutane abin da babu a zuciyarta ba. Ƙarya take yi, kuma ta sani. Bayan haihuwarta ta fari wata biyu ta yi ba ta yarda ta je bakin rijiya ita kaɗai ba, don ta san abin da zuciyarta ke raya mata. Ba wanda ya tambaye ta, ba wanda ta gaya wa. Har yau tsoro take ji kada ta furta abin ya dawo.

Wata safiya likita ta kira ta. Ta ce mata uku sun gaya mata suna wannan tunani, alhali takardunsu sun ce babu, kuma masu binciken sun fara zargin fassarar ce ba ta shiga kunne, suna shirin cire tambayar. Anti ta ce to, ta fito.

A makon ne 'yarta ta shigo layi, ita wannan 'yar farin, da jaririn sati shida. Tun da ta haihu kusan kullum sai ta zo ta zauna a benci har a tashi, Anti na yi mata tsiya wai ko gidan nata cizo yake. Ta rame, amma uwar ta ce gajiyar jego ce. Ƙa'ida ta hana mutum yi wa nasa tambayoyin, sai dai abokiyar aikin Anti na hutu, yarinyar kuma ta riga ta ja kujera.

Anti ta fara karantawa, 'yar na amsawa. Barci ba ta yi, ko da jaririn ya yi. Kuka kullum. Dariya ta manta rabonta da ita. Aka gama ta tara. Biro ya nufi "a'a" kamar yadda ya saba.

"Mama, saura ɗaya," in ji 'yar. "Na ga goma ne."

Anti ta so ta ce lokaci ya ƙure. Ta dubi agogo, ta dubi ƙofa, babu mai ceto. Ta karanta tambayar. Ba ta taɓa jin kalmomin a bakinta ba sai ran nan.

'Yar ta gyara wa jaririn hula, ba ta ɗago ba.

"Kusan kullum. Shi ya sa nake zuwa in zauna inda za ki gan ni."

Sati shida tana zaune taku biyar daga sikelin, uwar tana tsokanarta. Anti ta cike amsar, ba ta liƙe ambulan ba. Ta karɓi jikan ta saɓa a kafaɗa, ta kama hannun 'yarta gam.

"Tashi mu je tare. Ni ma na yi, lokacin da na haife ki."

Ta tura ƙofar likita ba sallama, ta ajiye takardar a buɗe kan tebur. Ta ce fassara ba ta da laifi, ita ce ba ta taɓa yin tambayar ba. A fara duba mata wannan, sannan a ba ta adireshin mata sittin da uku.