Hassumi, Kukun Jirgin Ƙarƙashin Teku

A unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira, bayan layin masu gyaran mota, an yi wani tsoho da 'yan unguwa ke kira Ammu Hassumi, wato Baffa Hassumi. Mutumin Damagaram ne, amma rabonsa da gida tun yana saurayi. A saman wani bene yake kwana, cikin ɗan ɗakin da aka gina don wanki, wanda in ya miƙa hannuwa sai ya taɓa bango biyu. Mai benen ya sha yi masa tayin wani ɗakin mai faɗi a ƙasa, shi kuwa ya ce wannan ma ya yi masa yawa.

Ɗaliban Nijar da ke haya a unguwar sun san shi da abu biyu. Kunnensa na hagu ba ya ji, kuma ba ya ajiye komai da ƙara. Ko cokali ne, lallaɓa shi yake kamar ƙwai. Su a zatonsu halinsa ne haka, ba su san a cikin teku ya koyo shi ba.

Fatauci ne ya kai shi Dakar tare da kawunsa. Kawun ya rasu a can, Hassumi ya shiga wanke-wanke a gidan abincin ma'aikatan tashar jiragen ruwa, har ya iya girkin Faransawa. Ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu sai kukun wani jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku ya kwanta ciwo. Aka ce Hassumi ya riƙe masa kafin ya warke. Bai bar jirgin nan ba sai da yaƙi ya ƙare.

Kicin ɗinsa bai fi akurkin kaji ba. Burodi kan yi funfuna, ya yanke gefen ya ba mutane sauran. Komai warin man inji yake, har shayi. Gado ɗaya suke karɓa-karɓa da wani Bafaranshe mai suna Yanik, in wannan ya tashi aiki wancan ya kwanta a ɗuminsa. In lokacin salla ya yi, Hassumi ya leƙa wurin mai duba taswira, shi kuma ko ɗagowa ba ya yi, sai ya nuna masa alƙibla da fensir. Ranar da jiragen abokan gaba suka biyo su suna sakin bama-bamai daga sama, aka kashe injin, kowa ya cire takalmi, aka hana ko tari. Hassumi ya rungume tukwanensa a ƙirji don kada su yi ƙara. Wani bom ya fashe kusa, fitilu suka mutu, ya ji ɗumi na gangarowa daga kunnensa. Sun tsira, amma kunnen bai dawo ba.

Bayan yaƙi kowa ya kama gabansa. Hassumi ya yi aikin Hajji, ya biyo ta Suwes da niyyar komawa gida, sai Alƙahira ta riƙe shi. Ya auri Azara, Bahaushiyar Sudan, suka haifi ɗa guda, Issa. Azara ta rasu a 1974. Issa ya tafi Iraƙi neman aiki, tun ana jin ɗuriyarsa jefi-jefi har aka daina.

Ya taɓa ba ɗaliban labarin jirgin, wata ranar Juma'a bayan an ci abinci. Ɗaya ya yi dariya ya ce, "Baba, mutumin Damagaram a ƙarƙashin teku? Garin da ruwan sha ma sai an yi layi?" Ba da mugunta ya faɗa ba, Hassumi ma ya taya su dariya. Amma bai ƙara ɗauko maganar ba.

A lokacin yana girki a Giza, gidan Marta, wata sakatariya a ofishin jakadancin Najeriya, 'yar Zonkwa, mai 'ya'ya biyu, mijinta ya rasu. Baba take kiransa, shi kuma ya ce mata ɗiyata. A bazarar 1982 aka tura ta kwas Ingila. Da ta dawo, tana tsaye a ƙofar kicin tana ba shi labarin tafiya, ta ce an kai su wani gari a bakin teku inda aka fito da tsohon jirgin ƙarƙashin ruwa aka ɗora a tudu, mutane na shiga kallo.

Hassumi ya ajiye wuƙa, ya juyo mata da kunnensa mai ji.

"Kin shiga ciki?"

"Na shiga, Baba. Na ƙosa in fito, numfashina har sarƙewa yake."

"Kin ga kicin?"

Ta ce ta gani, an ma tsayar da mutum-mutumi sanye da farar hula yana riƙe da ludayi.

"Wari fa? Yana warin man inji?"

"Fenti na ji. Baba, me ya sa kake tambaya haka?"

Ran nan miya ta kusa ƙonewa. Ya ba ta labari tun daga Dakar, ita kuma ta jawo kujera ta zauna, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce, "Hutuna mai zuwa tare za mu je. Sai ka shiga da ƙafarka."

Ya ce ai ba jirginsu ba ne, nasu ya ji an daɗe da yanka shi an sayar da ƙarfen. Ta ce ko ba nasu ba ne, ɗan'uwansa ne.

Hassumi ya ɗauki maganar da gaske. Ya yi ta zirga-zirga a Wustul Balad, tsakiyar birnin, har ya sabunta fasfo. Ya sayi kwat mai kauri a gwanjo, ya kai aka rage masa hannu. Har Faransancin da ya yi shekaru bai taɓa ba ya riƙa maimaitawa a cikin bas, ko da zai haɗu da wani Bafaranshe tsohon ma'aikacin jirgi a can. Sai aka yi canjin gwamnati a Najeriya, aka kira ma'aikata da yawa gida, har da Marta. Ranar da za ta tafi ta riƙe hannunsa tana hawaye.

"Baba, na yi maka alkawari ban cika ba."

"Ma'alish, ba komai, ɗiyata. Kin saurare ni, ai kin yi mai wuyar."

Gidan ya koma hannun wasu da suka zo da nasu kukun. Hassumi ya koma dafa wa ɗalibai shinkafa da miya. Wata safiya cikin sanyi ya sa kwat ɗin nan, ya hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya, bai gaya wa kowa ba. A ƙofar sansanin sojan ruwa mai gadi ya gaya masa cikin ladabi cewa ba a shiga. Ya samu wani gidan shayi kusa da masu saƙar taru ya zauna, ya tambayi mai shayin ko akwai inda mutum zai hango gawwasa, wato sunan da Misirawa ke kiran irin jirgin.

Wani dattijo mai ƙaton ciki a teburin gefe ya juyo.

"Me za ka yi da gawwasa, ya Hajji?"

"Na yi girki a cikinta, lokacin yaƙin Turawa."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya jawo kujerarsa ya ce, "Ku ma burodinku na yin kore?"

Sunansa Rayyis Abdulwahab, tsohon mai kula da inji a jiragen Masar, ya yi ritaya. Suka wuni a teburin nan. Da Hassumi ya ce kaza, sai Rayyis ya buga cinya ya ce su ma haka. Bayan la'asar ya ce, "Yalla, zo ka gani." Ya hau da shi saman benen da yake zaune, tsakanin igiyoyin shanya da kejin tantabaru, ya nuna masa can gefen tasha. Ga bayan wani tsohon jirgi baƙi a ɗaure, rabinsa a ruwa, tsatsa ta ci shi, tsuntsaye sun jeru a kai.

"A cikinsa na tsufa," in ji Rayyis. "An ce za a gyara shi yara su riƙa shiga kallo. An kuma ce za a yanka. Allah ne masani."

Hassumi ya dafa katanga yana kallo har aka kira magariba. Matar Rayyis ta soya musu kifi, ya kwana a gidan.

Daga nan duk sa'ad da ya samu sarari sai ya je. Rayyis ne kaɗai a duk ƙasar Masar yake kiransa abokin aiki. Amma zumuncin bai yi tsawo ba. Wani zuwa da ya yi, mai shayi ya gaya masa Rayyis ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansa sun tafi da shi ƙauye, bai san wane ƙauye ba. Hassumi ya roƙi mai gadin benen ya bar shi ya hau sama. Wurin da jirgin yake babu komai sai kwale-kwalen masunta. Ya sauko, ya sha shayinsa, ya bi jirgin yamma ya koma Alƙahira.

A 1988 Hassumi ya rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya. Ɗaliban Nijar da masu gyaran mota na layin ne suka yi masa sutura. Sai bayan watanni labarin ya iske Marta a Legas, ta bakin wani ma'aikaci da ya dawo hutu. Ta tambaye shi a wace maƙabarta aka sa tsohon, ya ce gaskiya bai sani ba.