Zomanyar da Kawu Ya Kawo Daga Darki

Ni dai tun ina ƙarama ba mai yawo ba ce. Ko yanzu da girma ya zo mini a nan Wudil, in ka gan ni a waje to biki ne ko gaisuwar rasuwa. A gidanmu kuwa ba inda na fi so kamar gindin murhun kakata, Inna Rabi, mahaifiyar Babanmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kama sunana, sai dai ya ce Ummi. Ita kuwa takwara take kira na. Idan an ci tuwo an yi sallar isha'i, sai ta tona garwashi ta binne dankali, ni da ƙannena mu kewaye ta, hayaƙi na shiga mana ido amma ba mai matsawa.

A wata shekara ina da zomanya fara a wani akurki na ƙasa da ke bayan rumbu. Da su biyu ne, ɗayar ta mutu da damina, ita kuma ta koma lungu, ko ganyen dankali sai ta ga dama take ci. Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata, ya gani ya tausaya. Ran nan sai ga shi daga Darki da kwali ɗaure a bayan keke, ciki wata zomanya ce mai ruwan toka.

"Ga abokiyar hira na kawo mata," in ji shi. Ya buɗe akurkin ya saka ta, ya tafi shan ruwa.

Kafin ya ajiye moɗa, gashi ke tashi. Farar nan da nake ganin ko ƙuda ba za ta iya kora ba, ita ce ta yage wa baƙuwar kunne. Da ƙyar Kawu ya ciro baƙuwar ya kife ta da kwando. Baba ya duba jinin ya ce, "Ba zan ajiye dabbobin da ke cin junansu ba. Gobe in Allah ya kai mu a yanka baƙuwar, kowa ya huta."

Daren nan ban ci tuwo ba.

"Takwara," in ji Inna, "wannan bakin da kika turo, ludayi za a rataya? Matso nan. Ga wata tatsuniya can ta taso daga bakin kogi, ƙafarta duk taɓo."

Muka ce ta ƙaraso, mun share mata wuri.

Inna ta ce wai an yi wani zomo mai rami a kan tudu, shi kaɗai, kullum yana kukan ba shi da abokin zama. Wata shekara kogi ya cika ya cinye fadama, sai wani zomon fadama ya gudo, ya ga rami a buɗe, ya faɗa. Mai ramin nan da ke neman aboki, shi ya yi masa jina-jina ya jefo shi waje. Baƙon yana zaune yana kuka sai ga tsohuwar bushiya. Ta ce masa, "Kai, ba ƙin ka yake ba. Ramin nan shi ne abin da ya rage masa a duniya, ka faɗo masa ciki da warin wani gari. Je ka tona naka kusa da nasa, inda zai gan ka amma haƙorinsa ba zai kai ba. In zai ci, kai ma ka ci. In ya zubo tsohuwar shimfiɗarsa waje, ɗauka ka kwanta a kai, ka bar masa taka a hanya." Haka aka yi ta yi, har mai ramin ya daina buga ƙafa in ya hango shi. Ranar da suka gaisa kuwa, ba a ramin kowa ba ne, a gonar wake ce ta wani manomi, inda su duka ɓarayi ne.

Mun yi dariyar wannan. Amma na lura tun daga tsakiyar labarin Inna ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba. Baba yana kan tabarma a ƙofar ɗakinsa da rediyo, sai na ji sautin rediyon yana ta raguwa.

"Ta koma kogi," in ji ta. "Ku tone dankalinku kafin ya zama gawayi."

Daga can Baba ya yi gyaran murya. "Inna, wannan tatsuniyar ta yara ce ko tawa?"

"Wanda ya rage rediyo shi ya sani."

Washegari ba a wasa wuƙa ba. Inna ta sa aka kife baƙuwar da babban kwando daura da ƙofar akurkin, ta bar tazara kamar tafin hannu. Lokaci ɗaya nake zuba musu dusa, kowa na kallon kowa. In na share, sai in kai harawar da wannan ta kwanta a kai wurin waccan. Abin ya ɗau kwanaki, har na ƙosa. Da farko Fara takan taso da gudu kunne a kwance. Daga baya ta koma miƙe ƙafa tana barci a gefen da kwandon yake. Sai a lokacin Inna ta share ɗakinta, inda ba wadda ta taɓa shiga, muka sake su, tana riƙe da faifai ko za a raba. Suka ɗan yi tsere, aka ɗan ciri gashi. Can sai Fara ta kwantar da kai ƙasa, mai yagaggen kunnen ta matso ta lashe mata goshi. Tare suka tsufa.

Shekara da shekaru ina ɗaukar labarin nan a matsayin na baƙo, yadda zai shiga wuri da ladabi. Sai da Malam, maigidana, ya rasu na ga ɗaya gefen. 'Ya'yana suka ga ina zama shiru, suka yanke shawarar a ɗauko ƙanwata Hadiza daga Kausani, ita ma nata mijin ya rasu. Babban ɗana ya zo da murnarsa, wai har ya auna inda za a sa gadonta a ɗakina. Ina son Hadiza kamar raina, amma wallahi ban yi murna ba. Ɗakin nan, da ƙusar da Malam ke rataye carbinsa, shi ne abin da ya rage mini. Mai kaɗaici yana son mutum, amma ba ta inda ciwon yake za a shigo masa da shi ba.

Na ce a gyara mata ɗakin da ke jikin nawa, da ƙofarta da fitilarta. Ta ji zafi. Ranar da ta iso ta ce, "Yaya, in ba kya son zuwana ki faɗa, motar ba ta tafi ba." Na ce ta dai ajiye kayanta.

Mun daɗe sai gaisuwa da miƙon kwano. Yanzu kuwa a tsakar gida muke wuni, muna tsinkar zogale muna gulmar surukai. Shekaranjiya ta dube ni ta ce, "Yaya, Allah ya taimake ni ba a haɗa mu ɗaki ba. Munsharinki ta bango ma hana ni barci yake."

Na ce to ta koma Kausani mana.

Ta ce, "In na tafi, wa zai ji in kin daina?"